Ba Yoyo Ba Ne, Numfashi Ne

Duk wanda ya san Iware ya san ta da tike. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Ardo-Kola, kan titin da ya tashi daga Jalingo ya nufi Wukari, kuma tun jajibirin kasuwa manyan motoci ke fara jeruwa a gefen hanya suna jiran lodin shanun da za a gangara da su Kudu. Direbobin nan ba masauki suke kamawa ba. Kan motar shi ne ɗakinsu: ga ɗan gado a bayan kujera, ga bargo da buta da dardumar salla, ga jakar kaya a cushe a lungu. Maigida ya miƙe a gadon, yara biyu su lanƙwashe a kujeru, a ɗage gilasai ruf saboda sauro da masu ɗan hali. In damina ce, kafin a kira assalatu gilashin gaba ya yi jagab ta ciki, ruwa na gangarowa yana taruwa a gindinsa, silin ya yi sanyi, bargo ya yi nauyi. Yaron mota ya sa tsumma ya goge, maigida ya ja tsaki ya ce robar gilashi ce ta mutu, in an dawo daga Fatakwal sai an nemi mai gam.

Sau da yawa robar nan lafiyarta lau. Za a biya mai gam ya zagaye gilashin da baƙin gam har ya ɓata fenti, gari ya waye a tarar da ruwan yana nan inda yake, wataƙila ma ya ƙaru. Dalili kuwa, ba daga sama ya zo ba. Daga ƙirjin mutum ukun da suka kwana a ciki ya fito, da rigunansu da ruwa ya doka da yamma, da takalman da suka kwaso taɓon tike. An kulle shi a ciki, ya rasa mafita, ya kwanta a kan ƙarfe da gilashi.

A Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa musamman don a zauna a cikinta. Da gadonta, da murhunta, da makewayinta. Iyali su ɗauke ta su tafi hutu, inda dare ya yi musu nan ne gida. Masu irin wannan mota danshi ya fi inji tayar musu da hankali. Bangonta hawa uku ne a manne: ta waje fallen alminiyom ko fayiba, a tsakiya farin soso mai hana zafi da sanyi ratsawa, ta ciki siririn katako mai ado, kuma a tsofaffin ƙira ƙashin da ke riƙe da su duka na katako ne. In ruwa ya sami shiga tsakani, ba ya fita, ba a kuma ganinsa. Sai ya shekara yana ɓarna kafin bango ya fara lotsawa in an danna shi da yatsa. Shi ya sa a Ingila ake kai irin motar a duba ta shekara-shekara da wata 'yar na'ura mai auna laimar katako. In ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin 100, ba komai. In ta haura 20, a fara neman inda ruwa ke shiga. In ta kai 30, galibi katakon ya riga ya fara ruɓewa. Kamfanonin da ke ƙera su kan ba da garanti na shekaru a kan shigar ruwa, amma bisa sharaɗin ba a tsallake wannan dubawa ba.

Mu nan ba mu da motar hutu, ba na kuma jin za mu yi ta nan kusa. Motar kwana kam muna da ita, sai dai tamu ta neman abinci ce. Kan DAF da MAN da Howo, Homa da Sharon da direba ke kwana a ciki a tasha don kada layi ya wuce shi, kwantenar da aka yanka wa ƙofa da taga aka mai da ita shago ko ofis, duk akwatunan ƙarfe ne da ɗan Adam ke numfashi a cikinsu, kuma ciwonsu ɗaya. Su can na'ura ke faɗa musu, mu nan sai hanci ya ji.

Iska ba ta rabuwa da ruwa, ruwan da ido ba ya gani, kuma yawan abin da take iya ɗauka ya danganta da ɗuminta. A ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi. In zafinta ya kai digiri 30, za ta riƙe ruwa wajen giram 30. In ta sauko 20, giram 17 ne iyakarta. A digiri 10 kuwa 9 ne da 'yan kai. To iskar da ta ƙoshi da ruwa da rana, in dare ya sanyaya ta, dole ta sauke rarar, kuma a kan abin da ya fi komai sanyi a kusa da ita take saukewa. Abin da ke faruwa ke nan in an ciro ledar fiya-wata daga cikin ƙanƙara: nan da nan jikinta ya jiƙe alhali ba ta huje ba.

A mota, gilashi da rufin ƙarfe su ne suka fi sanyi. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Daren da gari ya washe bayan an ɗauke ruwa, taurari suka fito, ya fi daren da hadari ya rufe sama jiƙa mota. Ƙarfen da ke kallon sararin sama fayau yana sakin zafinsa kai tsaye, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da 'yan digirori, girgije kuwa tare zafin yake yi ya mayar da wani ɓangarensa ƙasa. Don haka za ka ga motar da ta kwana a rumfa ko gindin mangwaro ta tashi kusan a bushe, ta kusa da ita da ke fili ta tashi sharkaf ciki da waje.

Yanzu a yi lissafin kan tirela. Babban kai mai gado bai fi ya ci irin wancan akwati takwas ko tara ba. A daren damina mai digiri 24 ko 25, duk iskar da ke ciki ba za ta iya riƙe ruwan da ya kai rabin ledar fiya-wata ba, kuma tun kafin a rufe ƙofa ta kusa ƙoshi, don a watannin Agusta da Satumba iskar kwarin Binuwai a jiƙe take. Shi kuwa mutum, ko barci yake yi, yana fitar da ruwa ta numfashi da fata wajen giram 40 kowace awa, in yana zufa ya fi haka nesa ba kusa ba. Mutum uku, awa takwas, kusan lita guda ke nan. Leda biyu aka zuba a ɗakin da ba shi da wurin ko rabin ɗaya. Ina sauran zai je? Gilashi ya karɓi nasa a gani a goge. Wanda ba a gani shi ne wanda ya ratsa yadin silin ya kwanta a jikin rufi, da wanda katifa ta shanye, da wanda ya bi ginshiƙan gefen gilashi ya sulale ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa. In kuma ruwa ya tsuge aka jawo risho ko 'yar tukunyar gas ciki don a dafa shayi, an ƙara wani a kan wani. Ban da tururin buta, ita kanta wutar ruwa take haifarwa: kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi, litar kananzir kuma wajen lita guda.

Ba wai babu yoyo ba ne. Akwai shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin Maris da Afrilu a Jalingo, wanda kan taɓa digiri 40, gasa robobin ƙofa da na gilashi yake yi su bushe su tsattsage, ramukan hanya su jijjiga abin da ya rage, ruwan farko na sauka ya tarar da ƙofa a buɗe. Amma kowanne da kamanninsa. Yoyo ruwan sama yake bi: in an yi ruwa ya bayyana, in ba a yi ba shiru, wuri ɗaya yake zuwa kullum, ya bar tabo mai ruwan ƙasa zobe-zobe. Gumin ciki kuwa da asuba yake zuwa, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ya bazu a kan duk gilashi da ƙarfe, kuma ya fi yawa a daren da masu kwana suka fi yawa. Gwajin ba ya cin ko sisi. A bar motar ta kwana ba kowa a ciki. In ta tashi a bushe, to mutane ne. In ta yi gumi duk da haka, akwai ruwa kwance a wani lungu, a nemo shi. Don kama yoyo kuwa, mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa daga ƙasa yana hawa sannu a hankali, ƙofa tukuna, sannan gilashi, rufi daga ƙarshe. Wanda ya fara da rufi ya jiƙa komai lokaci guda, ba zai taɓa sanin ta inda ya shiga ba.

A ƙananan motoci da bas-bas akwai maɓoya uku ko huɗu da suka fi ba da wahala. Esi yana tace ruwa daga iska ya zubar da shi ƙasa ta wani ɗan bututun roba, shi ne ɗigon da ake gani ƙarƙashin motar da ke tsaye da esi a kunne. In ƙura ta toshe bututun, ruwan ya koma ciki ya malale a ƙafar fasinjan gaba. A gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya, akwai magudanar da ganyen darbejiya da ƙasa ke cikewa. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan huji da aka bari da gangan, don ruwa yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi ko da motar sabuwa ce. Wani fanabita in ya zo shafa foti sai ya like su, yana ganin gyara ya yi, ƙofa ta zama tulu, ka buɗe ta ka ji ruwa na kaɗawa. Mai tagar rufi irin ta wasu Siyana kuma, siraran bututai ke sauke ruwanta ta cikin ginshiƙai, kuma ba wuya su toshe.

Wanda ke son ganin aikin danshi da idonsa, ya ɗaga ledar ƙasa ta ɓangaren direba a motar da ta ci damina biyu ko uku ana kwana a cikinta. Ta sama ledar a bushe take, har da ƙura. A ƙarƙashinta akwai wani kauri na auduga da tsummoki da kamfani ya shimfiɗa don rage ƙara da zafi. In ka matsa shi da tafin hannu, ruwa baƙi ya tsattsafo tsakanin yatsunka, wari ya bugi hancinka. Ɗaga shi kuma, ka ga fentin daɓen ƙarfen ya kumbura ƙuraje-ƙuraje. Sa sukudireba ka ɗan kankara, fenti ya ɓare, jar tsatsa ta biyo, a wani wurin ma bakin sukudireban ya zarce ka hango kwalta. Tsatsar waje ana ganinta a tare ta da wuri. Wannan kuwa daga ciki take ci, ledar da aka sa don kare ƙarfen ita ce ta hana shi bushewa.

A nan ƙasan ne kuma wayoyin mota ke bi, a ɗaure dami-dami, da mahaɗansu. Jan ƙarfe in ya daɗe a laima kore yake yi, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Daga nan sai a shiga ciwon da ba a gane kansa: yau fitilar gargaɗi ta kama, gobe ta mutu, gilashi ya ƙi sauka, hon ya yi kuka shi kaɗai da tsakar dare, batir sabo ya kwana ya wayi gari ba wuta. A yi ta zarya wurin rewaya, ya canja fiyus, ya canja rile, a biya, bayan sati biyu a dawo. A wasu motocin ƙwaƙwalwar motar ma a ƙarƙashin kujera ko kusa da ƙafar fasinja take zaune, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Rewayan da ya san aikinsa, kafin ya taɓa waya, hannu yake fara zurawa ƙarƙashin kafet.

Silin kuwa yadi ne da aka manna a kan siririn soso. Zafi da laima in suka yi ta karɓa-karɓa a kansa, sosan ya zama gari, yadin ya saki ya riƙa shafar hular fasinja, a bi shi da fil ana sokewa. Wannan muni ne kawai. Abin da ya fi shi shi ne baƙaƙen ɗigo-ɗigon da ke fitowa a kusurwoyi, da farin gashi-gashin da ke kama bel da sitiyari da bayan kujera in mota ta yi sati a rufe. Fumfuna ce. Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, jira kawai suke su sami wuri mai laima, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su fara tsiro a kan jiƙaƙƙen yadi ko soso.

Mun saba ɗaukar fumfuna a matsayin ƙazanta kawai, abin da ke ɓata burodi da takalmi. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundi guda a kan danshi da fumfuna a wuraren zama, inda ta nuna cewa masu zama a irin waɗannan wurare sun fi fama da tari, da shaƙewar ƙirji, da cututtukan numfashi, da tashin asma. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a watan Disamba na 2020, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar gidan hayar da iyayensa ke ciki ce ta lalata masa numfashi. Abin ya girgiza ƙasar har aka yi doka da ke tilasta wa masu gidajen haya na hukuma gyara danshi cikin ƙayyadadden lokaci. Gida ke nan mai ɗakuna. Ina ga wanda hancinsa ke kwana a kan katifar da ba ta taɓa ganin rana ba, a wurin da bai fi taku biyu ba? Direba da yawa na fama da murar da ba ta warkewa da tarin asuba, a ce sanyin hanya ne ko ƙura, a sayi maganin tari a kemis. Mai yiwuwa ne hakan ne. Amma in mutum ya lura ƙirjinsa na sakewa in ya kwana biyu a gida, ya kuma kama da zarar ya koma mota, ya kamata ya ɗaga katifar nan ya dubi bayanta, ya kuma faɗa wa likita inda yake kwana.

Abin da aka fi yi in wari ya tashi shi ne a rataya ɗan turaren mota a madubi, ko a banka turaren wuta, ko a ƙara shimfiɗa sabon kafet a kan tsohon. A ganina na ƙarshen nan ya fi kowanne illa, don an ƙara wa ruwan bargo ne. Gyaran gaskiya sai an kwance: a ciro kujeru in da hali, a fitar da kafet da audugar ƙasa a shanya a rana har su bushe ƙarau, a kankare tsatsa a shafa jan fenti mai hana ta kafin a mayar. Fumfunar da ke kan roba da fata tana fita da ruwan sabulu ko ruwan kal, a ɗaure hanci, a yi aikin a fili. Bilic yana kashe ta, amma yana cin yadi yana kuma tsananta tsatsa, kuma haɗa shi da wani maganin wanki na iya tayar da iska mai guba. Sosan da ta riga ta shiga cikinsa ba ya wankuwa, a yar da shi a yanko sabo.

Maganin gumin kansa kuwa kishiyar abin da hankali ke fara kawowa ne. Mutum ya ga ruwa, sai ya ƙara toshewa, alhali hanya ake so a ba shi. Kafa biyu ake bukata, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita. Sauke gilashin dama da na hagu faɗin yatsa biyu ya isa ya canja yadda za a tashi da safe, kuma hannun ɓarawo ba ya shiga faɗin yatsa biyu. Yawancin kawunan tirela suna da 'yar ƙofa a rufi wadda ake ɗagawa kaɗan, kuma da yake iska mai ɗumi sama take yi, ita ce mafi amfani. Abin takaici, a motoci da yawa ita ce ta farko da ake likewa da gam. Sauro kuwa, tela zai ɗinka wa ƙofa riga da yadin gidan sauro, a zura ta daga sama a rufe ƙofar a kai. Jiƙaƙƙun kaya da takalma su kwana a akwatin kayan aiki na waje ko a ƙulle a leda. Katifa a jingine ta da safe, in da hali a sa 'yan katakai a ƙarƙashinta iska ta riƙa ratsawa. Shi kuma tsumman goge gilashi, in an goge aka jefa shi kan dashbod, ruwan bai je ko'ina ba, rana na fitowa zai koma iska ya jira dare. A matse shi a waje, a shanya a waje.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, direbobin haya da yawa sun manta inda maɓallin esi yake, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai esi shi ne na'urar busar da iska da motar ta zo da ita. Kunna shi na ɗan lokaci da safe, a bar shi yana jawo iskar waje maimakon juya ta ciki, yana share gilashi yana kuma tsotse laimar kujeru. Abin da ba a yi shi ne kwana da inji a kunne gilasai a rufe. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, daɓen da tsatsa ta huda kuwa ƙofa ce gare ta, kuma mai barci ba ya farkawa ya ce kansa na ciwo. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu hawa Mambila. A can sama, wajen mita 1,600 daga teku, a Nguroje da Gembu, sanyin dare na sa mota gumi fiye da yadda ake gani a Iware, yana kuma sa mutum sha'awar jawo kaskon gawayi ciki. Gawayi a rufaffen wuri ya kashe mutane da yawa a ƙasar nan, shi da janareta.

Kwantena ita ma da nata labarin. Tun da Malcom McLean ya fara jigilar kaya a cikinta a Amurka a 1956, masu jiragen ruwa suka san cewa tana yin ruwan sama nata na kanta: a loda kaya a ƙasa mai zafi da laima, jirgi ya shiga sanyi, rufi ya yi gumi ya riƙa ɗiga a kan kayan. Shi ya sa ake rataya jakunkunan gishiri mai shan laima a cikinta. Mu kuma mun ɗauko ta mun ajiye a bakin titi a Jalingo muna sayar da waya da magani da siminti da sukari. Da rana ta gasu, laimar da ke cikin katakon daɓenta da kwalaye da buhuna ta tashi. Da dare rufi ya huce, ta sauko. Mai shago ya zo da safe ya tarar da ɗigo a kan kwalaye, ya hau sama yana neman huji, babu. In ya sa kafinta ya buga silin na roba ko falanki ba tare da an cusa abin da zai raba iskar ciki da ƙarfen ba, ya daina ganin ɗigon ne kurum, yana can yana taruwa a bayan silin. Abin da ke aiki shi ne a yi mata rumfar kwano a sama da tazara tsakani, wadda za ta kare ta daga rana ta kuma kare ta daga sararin dare. A yanka kafofin iska, wasu ƙasa a gefe ɗaya, wasu sama a ɗaya gefen, a sa musu raga. A ɗora ta a kan bulo kada cikinta ya taɓa ƙasa. Kaya kuma a kan katako, nesa kaɗan da bango. Kwanon gawayi ko na shinkafa da wasu ke ajiyewa a lungu ba ya cutarwa, amma abin da yake sha bai taka kara ya karya ba.

Bayan mota ma bai tsira ba. Fitsarin shanu da kashinsu, in suka jiƙa yashi da ciyawar da ake shimfiɗa musu aka bar su suka kwana biyu bayan an sauke, suna cin daɓen bodi fiye da ruwan sama. Masarar da aka loda ba ta gama bushewa ba kuma, aka ja mata tamfol aka ɗaure tam, gumi take yi a ƙarƙashinsa. Masara sai laimarta ta sauko wajen kashi 13 cikin 100 take ajiyuwa lafiya. In ta fi haka, fumfunar da ke kama ta na iya barin guba mai lalata hanta, irin wadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Tafiyar kwana biyu ba lalle ta yi ɓarna ba, amma hanya ba ta da alkawari. Da gadar Namnai ta karye a daminar 2024, a kan wannan titi na Jalingo zuwa Wukari, motoci sun yi ta tsayuwa da kayansu a bakin ruwa, tamfol a ɗaure, rana na duka dare na sanyaya.

Mai shirin sayen mota 'yar Kwatano shi ma ya buɗe hanci kafin ya buɗe bonet. Bayan guguwar Harvey da ta nutsar da birnin Houston na Amurka a 2017, ɗaruruwan dubban motoci ne suka sha ruwa, kuma irin waɗannan motoci gwanjonsu ake yi, wasu su tsallako teku. In ka shiga mota ƙamshi ya yi yawa, tambayi abin da ake rufewa. Jawo bel har ƙarshensa ka duba tabo, leƙa ramin safaya, haska tocila a kan ƙusoshin da suka riƙe kujera da ƙarafan ƙarƙashin dashbod, waɗanda ba a yi musu fenti ba kuma ba su da dalilin yin tsatsa. Dillali zai ce maka, “Alhaji, wanki ne aka yi mata jiya.” Wanki ba ya barin busasshen taɓo a cikin fitila.

Abu ɗaya da muka fi Turawa sa'a a kansa shi ne hunturu. Su sai sun sayi na'urar busar da iska sun kunna ta wata da watanni. Mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke busowa daga Sahara a bushe take ƙarau, tana tsotse laima daga duk abin da aka buɗe mata, kyauta. Lokacin kwance kafet da shanya katifa da kankare tsatsa ke nan, don fenti da gam ba sa kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Robobin ƙofa da na gilashi kuwa a jinkirta duba su zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, bayan zafi ya gama tsaga waɗanda zai tsaga, a zare ganye daga magudanu, a zura waya a hujin ƙofofi, a hura bututun esi, kafin hadarin farko ya haɗo.